Testa ta kama, testa ba ta kama ba: abin da ya kamata ka sani kafin ka biya kuɗin haya a Kudu

Ranar 16 ga Satumba 2025 gobara ta tashi a ginin Afriland Towers da ke titin Broad a tsibirin Legas, mutum 10 suka rasa rayukansu. Hukumomi sun ce wutar ta faro ne daga ɗakin inbata da ke can ƙasan ginin, hayaƙi ya bi ya turnuƙe benaye. Allah Ya kiyaye na gaba. Wannan fa gini ne na manyan ofisoshi a tsakiyar birni. In har matsalar lantarki za ta yi irin wannan ɓarna a can, to ina ga ɗakunan da yawancinmu ke haya a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago, Sabon Ibadan, Sabon Shagamu, Ama Hausa ta Owerri ko Aduwawa ta Benin?

Kowa ya san yadda ake kama ɗaki ko shago a nan Kudu. Ejan ya kira ka, ya ce akwai mutum uku da ke jiran wurin, in ba ka biya yau ba gobe ya wuce ka. Ka duba rufi ko yana yoyo, ka leƙa banɗaki, ka tambayi ko unguwar na ambaliya. Batun wuta kuwa, iyakarsa a danna makunni a ga kwai ya kama. Wanda ya fi kowa tsantseni shi ne mai zaro testa daga aljihu, ya cusa a soket, ya ga ja, ya ce “wuta lafiya lau.” Daga nan sai a ƙirga kuɗin shekara, da na agirimen, da kamishon ejan.

Maganar da za mu yi a nan ita ce: wannan jar fitilar ta testa ba shaidar lafiyar wayarin ba ce. Rashin kamawarta ma ba shaidar babu wuta ba ne. Duk wanda ya jingina ransa da na iyalinsa da ita, ya jingina da abin da ba a yi shi don wannan aikin ba.

Me ya sa batun ya fi zafi yanzu?

Abubuwa uku sun sauya cikin ’yan shekarun nan. Na farko, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mutane da yawa sun koma sola da inbata. Ma’ana, gida ɗaya na iya samun hanyar wuta uku: ta NEPA, ta janareta, da ta batir. A da in an ɗauke wuta ka san waya ta mutu. Yanzu ba haka ba ne.

Na biyu, a Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar ’yan rukunin Band A zuwa Naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Su ne aka yi wa alƙawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana. Tsohon wayarin da ya saba ɗaukar lodi na awa huɗu ko biyar ya huta, yanzu yini yake yana ɗauka. Ga kuma tsadar da ta ƙara tura wasu zuwa ga zagaye mita da jonin sata, wanda a ɓoye ake yi, cikin sauri, da wayar da ta samu. A farkon 2025 NERC ta ɗaga tarar zagaye mita zuwa Naira 100,000 a karon farko ga mai layi ɗaya. In ka shiga ɗakin da wanda ya tashi ya yi wannan aika-aika, kai za a tarar a ciki.

Na uku, bayan Dokar Lantarki ta 2023, jihohi irin su Enugu da Legas sun karɓi kula da harkar wuta a cikinsu. Legas ta sa hannu kan tata dokar a Disambar 2024. Ana ta gardama kan farashi da mita da wa zai kula da wa. Amma abin da ke bayan mita, wato wayar da ke cikin bangon ɗakinka, kusan ba ya cikin wannan gardama. Kamfanin rarraba wuta, ko Ikeja Electric ne, ko Eko, ko IBEDC, ko EEDC, aikinsa ya kawo maka wuta zuwa mita. Daga nan zuwa ciki, tsakanin mai gida ne da ɗan haya. Akwai hukumar NEMSA da doka ta ɗora wa duba wayarin da ba masu aikin wuta takardar shaida, amma mu faɗa wa juna gaskiya: gidan “face me I face you” nawa ka taɓa jin an kai mata ta duba kafin a zuba ’yan haya?

Yadda testa ke aiki, da yadda take yaudara

Testar nan mai kama da sukudireba abu huɗu ne a cikinta: ɗan ƙaramin kwai, wani ɗan abu mai rage ƙarfin wuta da ake kira rizisto, sifirin, da ƙarfen da ke gindi. In ka ɗora bakinta a waya ka sa yatsa a gindi, wata ’yar wuta kaɗan ce ke ratsa jikinka ta sauka ƙasa, shi ya sa kwan ke kamawa. Wato kai kanka kana cikin layin. Abin da ya raba ka da cikakkiyar wutar bolt 230 shi ne wannan ɗan riziston. In testar jabu ce, ko ta tsage, ko ruwa ya shige ta, kariyar ta tafi.

Yaudararta iri biyu ce. Ta farko ita ce ta ce “babu wuta” alhali akwai. Wannan ita ke kisa. Kana tsaye kan tsanin katako ko da takalmin roba, jikinka bai haɗu da ƙasa sosai ba, sai hasken ya yi rauni. Da rana tsaka a waje ba ma za ka gan shi ba. Ko kwan ya mutu tun jiya ba ka sani ba. Ko wutar ta yi lo, ba ta kai ƙarfin da zai kunna kwan ba, amma ta isa ta girgiza mai jiƙaƙƙen hannu.

Ta biyu ita ce ta ce “akwai wuta” alhali abin da ke wurin inuwar wuta ce kawai. In wayoyi biyu sun daɗe suna tafiya tare cikin bututu ɗaya, matacciyar kan ɗauki ɗan tasiri daga mai rai, testa ta kama. Wannan ba ta kisa, amma tana sa mai gyara ya yi ta fasa bango yana neman matsalar da babu, kai kana biya.

Sannan akwai tambayoyin da testa ba ta da amsarsu ko kaɗan. Ba za ta gaya maka ƙarfin wutar 180 ne, 230 ne, ko 400 ba; ja ɗaya take nunawa. Ba za ta gaya maka ko wayar ƙasa, wadda masu gyara ke cewa “at”, tana aiki ba. Ba za ta gaya maka ko wayar da ke bango ta yi siriri ga lodin da za ka ɗora mata ba.

Ga misalai uku da ake yawan gani a unguwanninmu. In wayar nutural ta tsinke a fol ko a taransifoma, gidan da ke kan layi uku na iya samun wutar da ta doshi bolt 400 a wasu ɗakuna, wasu kuma ta yi ƙasa. A nan ne ake jin firiji da talabijin da cajar waya sun ƙone a lokaci ɗaya a layi guda. Testa za ta kama ja kamar kullum, wani lokaci ma a ramuka biyu na soket, wanda bai sani ba ya ɗauka wuta ce ta cika.

Na biyu, ƙananan janareta irin “I pass my neighbour”. Da yawansu ba a haɗa ko ɗaya daga wayoyinsu biyu da ƙasa ba, don haka kowace na iya ɗaukar kusan rabin ƙarfin. Ka kashe makunni, kwai ya mutu, amma ɗaya wayar na nan da ranta.

Na uku, wayarin da aka yi a juye: an ɗora makunni kan nutural maimakon layif. Fitila na kunnuwa, tana mutuwa, komai daidai a ido. Ranar da yaro ya hau kujera zai canza kwai, ya kashe makunni yana ganin ya tsira, holda na cike da wuta.

Testocin zamani ma suna da iyaka

Wasu za su ce ai sun wuce wannan, suna da testa mai kama da biro wadda ke ƙara in an kusanta ta da waya ba sai an taɓa ba. Ta fi ta farko aminci, don jikinka ba ya cikin layin. Amma da batir take aiki, in ya mutu shiru za ta yi, shirun nan kuwa daidai yake da shirun “babu wuta”. Ba ta ji sosai ta cikin bututun ƙarfe ko waya mai sulke. Kuma takan yi kuka don wata wayar da ke kusa, ba wadda kake gwadawa ba.

Akwai kuma wadda ake cusawa a soket kamar filogi, mai fitilu uku, da ke nuna ko layif da nutural da at suna wurarensu. A Amurka da Ingila masu duba gidaje kafin ciniki suna yawan amfani da irinta, kuma can ma an daɗe da sanin inda take gazawa. Babbar gazawarta ita ce ana iya yi mata wayo. Mai wayarin da bai ja wayar ƙasa ba sai ya ɗauki guntuwar waya ya haɗa ramin at da na nutural a bayan soket. Ka cusa na’urarka, fitilu su nuna komai daidai. Alhali abin da aka yi ya fi rashin at ɗin haɗari: ranar da nutural ta tsinke a wani wuri, ko aka juya layif da nutural wajen gyara, jikin firiji ko firiza da kansa zai zama waya mai rai.

Ko ba a yi wannan wayon ba, na’urar da ’yar wuta kaɗan take gwaji. Silin waya ɗaya da ya rage bai tsinke ba, ko sandar ƙasa da tsatsa ta cinye, sun isa su sa ta ce lafiya. A Legas da Fatakwal da Warri, inda danshi da iskar gishiri ke cin ƙarfe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sandar da aka binne shekara 20 da suka wuce, wa ya tono ya gani?

Multimita ta fi duka waɗannan, don ita lamba take bayarwa. Tsakanin layif da nutural ya kamata a ga kusan 230. Tsakanin layif da at ma kusan haka. Tsakanin nutural da at kuwa ’yar lamba ƙarama. Amma ita ma sai a hannun wanda ya iya: tana nuna inuwar wuta kamar ta gaske, kuma mai araha in an juya ta kan ma’aunin da ba shi ba aka cusa a soket, tana iya fashewa a hannu. Araha dai ba ta ado.

Doka ɗaya ce ta haɗa dukkan waɗannan kayan, kuma kowane ƙwararre ya san ta: gwada, auna, sake gwadawa. Ka fara gwada testar a wurin da ka tabbata akwai wuta. Sannan ka auna wayar da za a taɓa. Sannan ka koma wurin farko ka tabbatar testar ba ta mutu a tsakani ba. In ka ga mai gyara ya tsallake wannan, ka san irin wanda ka ɗauko.

Bireka ba don ranka aka sa ta ba

Wannan ita ce fahimtar da ta fi yi mana illa. Mutum ya ga akwatin bireka a bango sai hankalinsa ya kwanta. Bireka ta yau da kullum da fiyus, waya suke karewa daga zafi da gobara. Sai wuta ta wuce amfiya 20 ko 32, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinta, kafin ta faɗi. Jikin mutum kuwa, kashi kaɗan na amfiya ɗaya ya isa ya hargitsa bugun zuciya. Mai jiƙaƙƙen jiki da ke tsaye ba takalmi, in ya taɓa bolt 230, abin da zai ratsa shi na iya kaiwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na amfiya. Wannan ya isa kisa, amma bireka ko gezau ba za ta yi ba.

Abin da ke kare rai shi ne RCD, wanda masu gyaran wuta a nan suka fi kira ELCB. Yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ya ga ta zube ta wata hanya, ko ta jikin mutum, sai ya yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Wanda ake so a gida shi ne mai lamba 30mA a jikinsa. Yana da ɗan maɓalli mai harafin T. In an danna da wuta ya kamata ya faɗi nan take. In bai faɗi ba, ado ne kawai. Sai dai a lura, maɓallin na’urar kanta yake gwadawa, ba lafiyar sandar ƙasa ba.

Abin takaici, a gidaje da yawa an taɓa sa shi, da damina ta zo bango ya jiƙe ya riƙa faɗuwa, sai aka kira wani ya cire ko ya zagaye shi “don a huta”. Faɗuwar nan gargaɗi ce cewa wuta na zuba a wani wuri. An kashe mai gargaɗi, an bar ɓarawo a gida.

Wannan ya shafe mu ta wata fuska ta musamman. Sau biyar a rana muna tsaye a jiƙaƙƙen siminti, sau da yawa ba takalmi, hannu a kan famfon ƙarfe da injin borehol ke turo wa ruwa. Matanmu na jefa hita a bokiti. Shagunanmu da yawa kwantena ce ta ƙarfe ko rumfar kwano, cike da firiza, injin markaɗe, keken ɗinki na lantarki ko allon cajin waya. In ka ji ana cewa “famfon nan yana ɗan ja”, ko “ƙofar shagon tana ɗan tsikara in an yi ruwa”, ba abin dariya ba ne. Wannan ita ce sanarwar ƙarshe da ake samu.

Abin da za ka yi ranar duba gida

Kada ka duba gida ranar da babu wuta ka biya. Ka ce za ka dawo in an kawo. Ejan zai yi ƙorafi, amma ba shi zai kwana a ciki ba.

Fara da ido da hanci, kafin kowace na’ura. Dubi soket da makunni: baƙin tabo, narkewa, ko warin ƙonannen roba alamar joni ne da ke zafi. Buɗe akwatin bireka ka gani ko akwai RCD. Dubi katawut: in an maye gurbin fiyus da dunƙulen wayar kofa, to babu abin da zai yanke in lodi ya yi yawa. Dubi mita ko hatiminta na nan, ka tambayi ɗakuna nawa ke kanta, da ko akwai bashi. Nemi a nuna maka inda sandar ƙasa take da wayar da ta shiga cikinta. In mai gida da kiyateka duk ba su san inda take ba, ka samu amsarka.

Tambayi yadda ake haɗa janareta da inbata. In babu canjoba, ana cusa wayar janareta ne kai tsaye a soket, wannan na iya mayar da wuta kan layi ta kashe ma’aikacin da ke kan fol ko maƙwabcin da ke gyara.

Ɗaga kai ka dubi sama. A Afrilun 2017, a unguwar Nyaghasang ta Kalaba, babbar wayar wuta ta faɗo kan rufin gidan kallon ƙwallo ana tsaka da wasan Manchester United da Anderlecht. ’Yan sanda sun tabbatar da mutuwar mutum 7. Ƙa’ida ta ware faɗin mita 50 ƙarƙashin layin 330kV, da mita 30 ƙarƙashin na 132kV, da ba a yarda a yi gini ba. Rumfa ko shagon da ya yi araha saboda yana ƙarƙashin waya, ba araha ba ce.

Sannan ka zo da naka mai gyaran, ba na ejan ba, kuma wanda ke da kayan awo fiye da testa. Ya kwance aƙalla soket biyu, musamman na kicin da wanda za ka sa firiza, ya ga ko at ta gaske ce ko an yi wayon nan. Ya dubi kaurin waya: 1.5 na fitila ne, soket na son 2.5, esi da hita da kuka na son abin da ya fi haka. Ya dubi ko kofa ce ta gaske ko alminiyon da aka shafa wa ruwan kofa, irin jabun da hukumar SON ke yawan kamawa. Ya jona dutsen guga na ’yan mintuna ya ga ko wutar ta faɗi sosai ko soket ya ɗau zafi. In shago ne mai kayan nauyi, ko masallaci, ko makarantar Islamiyya, a nemi mai na’urar “mega” ya auna lafiyar rigar wayoyi, a kuma auna sandar ƙasa da na’urarta.

Duk abin da aka gano, a ɗauki hoto, a rubuta cikin agirimen wa zai gyara kuma yaushe, kafin kuɗi ya bar hannunka. Bayan ka biya, bakinka ya mutu.

Aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya

Gaskiya ne, mai tura baro ko ɗan acaba da ke neman ɗakin kwana ba shi da bakin da zai tsaya yana gindaya wa mai gida sharaɗi. Baƙo ne, a matse yake, kuma ya san in ya cika tambaya za a ba wani. A nan ne shugabanninmu ke da rawar takawa. Fadar Sarkin Hausawa, ƙungiyoyin kasuwa da kwamitocin masallatai suna tara kuɗi don abubuwa da yawa. Ba zai gagare su ba su tantance masu gyara biyu ko uku masu takardar NEMSA, su taimaka musu da kayan awo na kirki, su tsayar da kuɗin duba ɗaki da kowa zai iya biya. Su fara da nasu wuraren: wajen alwala, injin ruwa, lasifika, da layin shagunan kwano da ke jone da juna, inda gobarar mutum ɗaya ta kowa ce.

In kuma tsautsayi ya faɗa, kada a kama wanda wuta ta riƙe da hannu. A kashe daga babban makunni, a kashe janareta da inbata, ko a ture shi da busasshen katako. In ba ya numfashi a fara danna ƙirji, a garzaya asibiti. Madara da ake ɗura wa mutum ba ta maganin komai. Ba a watsa wa gobarar lantarki ruwa sai an yanke wutar. A Legas lambar gaggawa 767 ce ko 112.

Testa na da amfaninta, ba a ce a jefar ba. Tana iya nuna maka cewa akwai abin dubawa. Amma hukuncin cewa gida lafiya yake, ko waya ta mutu a taɓa, ya fi ƙarfinta. Kuɗin kiran ƙwararre na awa ɗaya bai kai kamishon ejan ba, balle kuɗin firiza, balle ran yaro. Allah Ya tsare mu da iyalanmu a inda muke neman halaliyarmu.